Sitika a kan filin finbol: yaushe take gyara, yaushe take kashe inji

Duk wanda ya taɓa zama a kafe ko bizines senta a garin nan na Kaduna lokacin Windows XP ya san wasan nan Space Cadet, wanda ƙwallo ke gangarowa kana ta dukanta da 'yan sanduna biyu na ƙasa kafin netwok ya dawo. Toh wancan hoto ne kawai, na gasken inji ne ƙato mai ƙafa huɗu da gilashi a sama, nauyinsa ya haura kilo 100, shi ake cewa finbol. Ni kaina ban taɓa ɗora hannu a kan na gaske ba sai da wani abokina mai sayen kayan gwanjo na kwantena ya tsinci guda ɗaya cikin kayan da ya ɗauko daga Legas, tsakanin firji da kekunan motsa jiki, ƙirar Amurka ne na farkon shekarun 1980. Ya kai shi wajen mai gyaran rediyo a Tudun Wada aka tada wutar, komai na motsi, amma filin da ƙwallon ke yawo a kai ya ji jiki, tsakiyarsa zanen ya goge har katako ya fito. Da yake ni sana'ata sitika da bana ce, sai ya kira ni yace Malam zo ka auna ka buga min sitika mu manna a kai kamar yadda kake wa Keke Napep, jibi nake so in sa shi a falo.

Nace masa Alhaji ka yi haƙuri, bari in duba tukun. Watanni kenan yanzu muna kan wannan aiki, na karanta, na kalli yadda masu yi suke yi, na gwada da hannuna na ɓata sitika ba ɗaya ba, shi yasa nake so in warware maganar ga duk wanda irin wannan inji zai faɗo hannunsa, domin abu ne da in ka yi garaje sau ɗaya shikenan babu dawowa.

Sai ka fara sanin yadda aka ƙera filin kafin ka gane matsalar. Katako ne filawud mai kaurin kusan rabin inci, faɗinsa inci 20 da kwata, tsawonsa inci 42 a yawancin injinan wancan zamani. A masana'anta ana fara huda shi da inji, a sassaƙa ramuka masu siffar da'ira da kibiya da murabba'i, sai a cusa 'yan robobi masu launi a cikin ramukan a manne su da gam, ni idanu nake kiransu tunda ta nan hasken ƙwan fitilar da ke ƙasa yake fitowa ya nuna maka maki ko inda zaka harba. Bayan an manne idanun sai a goge fuskar gaba ɗaya ta zama sumul, roba da katako su daidaita, sannan a buga zanen a kai da sikirin irin na masu buga riga, launi ɗaya bayan ɗaya, har rubutun da ke kan idanun ma a lokacin ake buga shi. Daga ƙarshe a fesa banish siriri a rufe. Kaga kenan zanen ba wani abu ba ne daban da aka liƙa, yana jikin katakon ne, kaurinsa bai kai na takarda ba.

A kan wannan ɗan siririn fenti ne ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 27 da nauyin giram kusan 80 yake gudu shekara da shekaru, kamar ƙwallon ƙarfen cikin boris yake. Kuma ka tuna kamfanonin da suka ƙera su, Gottlieb da Bally da Williams duk a Shikago, ba don ajiye tarihi suka yi su ba, don a sa a kantuna da gidajen wasa a riƙa jefa kwabo ne na 'yan shekaru sannan a kawo sabo. Babu wanda ya zauna yana lissafin shekara 40. Sai wajen 1990 ne Williams suka koma fesa kiliya, wato fentin nan marar launi na rufe zane, mai ƙarfi irin ta mota wadda suka sa wa suna Diamond Plate, shi yasa zaka ga injin 1992 kamar The Addams Family, wanda aka ƙera sama da guda 20,000, filinsa yakan fi na 1980 daɗewa da kyau nesa ba kusa ba. Na kafin nan kuwa sai dai ledar kariya mai gam da ake mannawa a wuraren da ƙwallo ke yawan duka.

Af, kafin wani ya tambaya ko ba caca ba ne, tambayar ta daɗe. Birnin Niyu Yok sun hana shi tun 1942 a kan zargin caca, sai 1976 aka ɗage bayan wani ɗan wasa Roger Sharpe ya buga a gaban majalisar birnin ya nuna musu iyawa ce ba sa'a ba. Sandunan dukan ƙwallon nan da suka mayar da shi wasan iyawa a 1947 aka fara sa su, a injin Gottlieb mai suna Humpty Dumpty. Na Alhaji dai a falo zai zauna yara su buga, babu kwabo babu komai.

Lalacewar fili iri-iri ce kuma kowacce da sanadinta. Akwai gogewar ƙwallo, wadda ta fi yawa a kewayen bambobin nan masu tunkuɗe ƙwallo, da bakin ramin da ke tofo ƙwallo waje, da tsakiyar fili saman sandunan duka. Wannan ƙura ce da tsatsa ke jawo ta, ƙwallo in ya yi tsatsa ko ya sami tabo ya zama samfefa mai yawo, ga baƙin garin da koyil, wato naɗin wayar da ke harba sandunan duka da bambobi, da roba ke zubarwa yana niƙa shi a kan fenti. Akwai tsagewar fenti a tsaye bin jijiyar katako, layi-layi kamar kaushin ƙafa da hunturu, wannan aikin laima da bushewa ne. Sannan akwai matsalar idanu, wadda ita ce uwa uba a maganar sitika. Ƙwan fitilar da ke ƙarƙashin kowane ido yana da zafi, mai lamba 44 yana jan miliyam 250 a kan bolt 6.3, shekara talatin yana gasa roba daga ƙasa, sai kaga idon ya lotsa ya zama kamar ɗan kasko, wani ya nutse ƙasa da katako, wani gam ɗinsa ya saki ya taso sama. Inda duk aka sami tudu ko kwari ƙwallo zai riƙa cin gefen wajen har fentin kewayen ya tafi.

Toh in fili ya kai haka me ake yi? Mafi sauƙi a wanke a goge da man folish mai kaki a canja ƙwallaye da robobi a ci gaba da wasa a haka, kuma wallahi ga injina da yawa wannan ya wadatar, tsufa ba ciwo ba ne. Sama da haka akwai gyaran hannu, mai zane ya cike inda ya goge da fenti ya haɗa launi daidai sannan a fesa kiliyar mota a kai. Akwai kuma sayen sabon fili dungurungum, kamfanoni irin su CPR a Kanada da Mirco a Jamus suna sake ƙera filayen wasu injina, amma ba kowane inji ake yi wa ba, ga tsada ga kuɗin jirgi ga kwastan ga canjin dala, sannan sai ka kwashe duk wayoyi da koyil da makunnai na ƙarƙashin tsohon ka mayar kan sabon. Akwai wata roba mai haske marar gam da ake shimfiɗawa a kan fili don kariya kawai, ita ba ta gyara komai amma duk ranar da ka ga dama ka ɗage ta. Sai ta ƙarshe wadda ita ce maganarmu, a lulluɓe filin gaba ɗaya da sabon zane da aka buga a kan leda ko roba.

Ita ma wannan kashi biyu ce, kuma mutane na haɗa su wuri ɗaya alhali ba ɗaya ba ne. Ta farko sitika ce mai laushi irin tamu ta shago, tawada a sama, a rufe da laminetin, gam a ƙasa. Ta biyu roba ce mai tauri mai haske kamar gilashi, kaurinta inci 0.030 wato kashi uku cikin huɗu na milimita, ana buga zanen ne a bayanta ta ƙasa sannan a sa gam mai ƙarfi, ramukan ma an riga an yanka su. Wani kamfani a Amurka Outside Edge ne ya yi suna da ita, suna kiranta Hardtop, sun yi wa injina irin su Space Shuttle na 1984 da High Speed na 1986. Hikimar a nan ita ce ƙwallo ba ya taɓa tawada har abada, a kan roba yake gudu, zanen na can ƙasa a ɓoye. Mai laushin kuwa ƙwallo na dukan laminetin ne kai tsaye, kuma in ka ɗaure sukurun ginshiƙi a kanta da ƙarfi sai ta murɗe ta yi tattara a kewayensa, in zafin fitila ya taso ta kumbura a kan ido, in bamba ta yi ta harba ƙwallo a wuri ɗaya gam ɗin ya fara tafiya. Na ga haka da idona a kan guntun filawud da na yi gwaji, sati biyu kawai.

Ga inda nake so a tsaya a yi tunani sosai. Ko wacce ka zaɓa cikin biyun, ba a ɗora ta a kan tsohon zane. Dole ka sa samfefa ka goge zanen asali, ko ba komai na kan idanu dole ya tafi tas saboda sabon rubutun yana jikin sitikar, in ka bar tsohon sai kaga rubutu biyu in fitila ta kama. Sauran filin ma fentin da ya tsattsage ba ya riƙe gam, ranar da ya ɓare da sitikar zai taso. Wato da hannunka zaka shafe abin da aka buga shekara 40 da suka wuce wanda kamfanin da ya buga shi ma ya daina, Gottlieb sun rufe a 1996, Williams sun bar harkar finbol a 1999. Samfefa ba ta da ribas. Shi yasa ni a ganina sitika magani ce ta filin da ya riga ya mutu, wanda katako ya fito a wuri mai faɗi, zanen ya tafi yadda mai zane ba zai iya ceto shi ba. Amma mutum ya ga ɗan tabo kamar faɗin kwabo a gefen bamba ya ce zai goge fili duka ya manna sabo don yana son ƙyalli, wannan garin neman gira ne a rasa ido, kuma masu tara waɗannan injina sun fi daraja fili na asali mai ɗan tsufa a kan wanda aka lulluɓe.

Na Alhaji da muka ɗaga gilashi muka wanke, sai muka tarar wani can baya ya taɓa shafa masa fentin mai irin na ƙofa a tsakiya da burushi, ƙarƙashin fentin kuma katako ne tsirara, ga tsagewa tun daga sama har ƙasa, idanu fiye da rabi sun lotsa. Wannan kam ya mutu, babu abin da za a yi asara. Ko da haka ban bari an taɓa shi da samfefa ba sai da muka ɗauki hotonsa da sikana gaɓa-gaɓa, muka haɗa a kwamfuta. Kar ka yarda da hoton waya a nan, kyamara tana lanƙwasa gefe, da'ira ta koma ƙwai ba tare da ka lura ba.

Kwance kayan saman fili aiki ne na haƙuri kawai, ba zan ja shi ba. Ka ɗauki hoto kafin ka cire kowane abu, ka zuba sukurori a leda-leda ka rubuta inda suka fito, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne kuma dogo in ya shiga gurbin gajere zai ɓullo ta inda ba ka so. Duk abin da ya leƙo sama ta rami, wayar makunni, ƙwan fitila, sandar filifa wato sandar dukan ƙwallo, a sauke shi ƙasa ko a cire, in ba haka ba samfefa ta cinye shi kuma ƙura ta cika soket.

Asalin aikin yana wajen daidaita fuska, nan ne kwana da kwanaki ke tafiya. Mu masu sitika mun san abu ɗaya, sitika ba ta ɓoye aibi, tona shi take yi. Ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashi sai ta fito kamar ƙurji. A jikin Keke wannan ba komai ba ne, amma a nan ƙwallo ne zai bi ta kai, kuma filin a karkace yake 'yan digiri kaɗan, na zamani digiri 6 da rabi, in ƙwallo na tafiya a hankali ɗan kwari kaɗan ya isa ya karkatar da shi ko ma ya tsayar da shi cak a kan ido. Don haka kowane ido sai ka bi shi ɗaya bayan ɗaya, ka danna ta ƙasa da yatsa ka ji ko yana motsi. Mai motsi a ɗan ɗumama shi da na'urar busar da gashi a turo shi waje a hankali, a kankare tsohon gam, a mayar da shi da gam mai haɗi biyu irin Araldite, a ɗora katako mai fuska sumul a sama a matse har ya bushe daidai da fili. Wanda ya lotsa ko a canja shi in an samu, ko a cike kaskon da kiliya mai haske ɗigo-ɗigo a bari ta bushe a goge. Ramukan sukuru da suka buɗe a cusa musu tsinke da gam na kafinta, inda katako ya ɓalle a bakin rami a cike da foti mai ƙarfi. Sannan gugar, a naɗa samfefa a jikin katako mai faɗi ko a yi da inji a kwance, kar ka yi da tafin hannu domin yatsu na haƙa kwari. Ka riƙa ɗora rular ƙarfe a tsaye kana haska tocila ta baya, duk inda haske ya ɓullo ta ƙasan rula akwai sauran aiki. Kuma kar ka zurfafa, fatar saman filawud siririya ce, in ka huda ta ka shiga wata matsalar.

Idanun bayan an goge su sukan yi hazo saboda zanen samfefa, sai ka bi su da mai laushi, ka hau daga samfefa mai lamba 400 zuwa 800 zuwa sama da 1000 har su washe, ko kuma kiliyar da za a fesa ta cike zanen su dawo garau. Ita wannan kiliyar kafin manna sitika ina ganin wajibi ce a wajenmu, gam ya fi kama fuska mai santsi da aka rufe fiye da katako tsirara mai shan iska. Na je Panteka wajen wani dattijo mai fentin mota na yi masa bayani, nace Baba so nake a fesa siriri a bari ya bushe a goge a sake, ya duba katakon ya ce in dai ba gaggawa muke ba zai yi, kuma ya gargaɗe ni kar in manna komai sai warin tina ya fita gaba ɗaya. Gaskiyarsa, kiliya takan yi makonni tana fitar da iska, in ka rufe ta da wuri iskar ba ta da hanyar fita sai ta taru ta kumbura sitikar. Don Allah duk mai wannan aiki ya sa takunkumi na gaske mai matata, kiliya mai haɗi biyu akwai sinadari a cikinta mai lalata huhu, ƙurar tsohon fenti kuma wani akwai dalma a ciki, ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare ko ɗaya.

Yanzu maganar bugu, wadda ita ce fannina kuma ita ta fi ba ni wahala. Injinan bana da muke da su a Kaduna yawanci launi huɗu suke bugawa, babu farar tawada, farin da kake gani na ledar ne. Toh in ka buga a kan farar sitika ta toshe idanu haske ba zai fito da kyau ba, in ka buga a kan mai haske kuma launukan sun zama ruwa-ruwa katako na leƙowa ta ƙasa, ja ya koma ruwan ƙasa. Hanya uku na gani. Ko ka buga a farar sitika ka yanke tagogin idanu da injin yanka sannan rubutun kan idon ka yi shi daban, amma nan ka ƙirƙiri tudu a gefen kowane ido. Ko ka fesa wa katakon farin fenti ka rufe idanu da tef kafin fesawa, sannan ka buga a kan leda mai haske, farin ya fito daga ƙasa. Ko kuma ka nemi injin UV mai farar tawada wanda ke bugawa a kan roba mai tauri, a juya zanen a buga launi a bayan robar sannan a bi da fari a bar tagogin idanu, wato dai yadda Hardtop take. Ta ukun ta fi, ita muka nufa. Sai dai ka sani launukan asali tawada ce da aka dama ta musamman, wasu masu ƙyalli ne kamar ruwan lemo da ruwan hoda mai haske, injin launi huɗu ba zai taɓa kamo su daidai ba, kusa kawai zaka je.

Hoton sikana ma ba a buga shi haka, duk datti da tsagewa za su fito. Sai an sake zana shi layi-layi a manhajar zane ta Corel, inda zanen ya goge a duba hotunan irin injin a intanet a cike. Wannan ya ci min dare da yawa. Kuma don injin mutum na gida muke yi, ba don a buga a sayar ba, zanen nan yana da masu haƙƙi har yau.

Sai saiti. Leda tana miƙewa a cikin inji lokacin da rola ke janta ga zafin hita, a bana mai tsawon mita ɗaya in an sami bambancin milimita 2 babu wanda zai sani, a nan kuwa milimita 2 na nufin idon sama ya zauna daidai na ƙasa ya kauce, in fitila ta kama kaga jinjirin wata na katako a gefe guda. Gwajina na farko haka ya fito. Har wadda aka sayo daga waje ba ta zama cif a kowane fili, domin tun a masana'anta hudar ba ta zuwa iri ɗaya sak, wancan baƙin zoben da ake zanawa a kewayen kowane ido aikinsa kenan ya rufe 'yar kaucewa. Dabara ita ce ka fara bugawa a takarda ko leda mai arha, ka shimfiɗa a kan fili, ka sa fitila a ƙasa a ɗaki mai duhu ka duba ido bayan ido, ka gyara a kwamfuta ka sake, ka ɗan ƙara wa zoben kauri, sannan ka shafa baƙin fenti a katakon da ke kewayen idanu don ko an kauce baƙi za a gani. Ranar mannawa mutum biyu ake so. A saita da hasken ƙasa, a matse rabi da kilam yadda ba zai motsa ba, a ɗaga ɗaya rabin a ɓare takardar bayan a yanke, a kwantar a hankali daga tsakiya zuwa waje ana bi da rola, sannan a saki kilam a yi ɗaya rabin. Mai laushi ana iya fesa mata ruwa da ɗigon sabulu don a samu damar ja, mai tauri kuwa gam ɗinta in ya taɓa ya taɓa. Bayan nan ramukan da ba su dace ba a gyara su da ɗan injin sassaƙa, a buɗe wa kowane sukuru hanya ya wuce ba tare da ya ciji robar ba.

Wani abu da waɗanda ke rubutu daga Turai da Amurka ba su cika damuwa da shi kamar mu ba shine yanayi. Kowa a garin nan ya san yadda ƙofar katako ke kumbura a watan Agusta ta ƙi rufuwa, Janairu na zuwa ta saki har ka hango waje ta gefe. Filin finbol ma katako ne, filawud bai kai katakon ƙofa motsi ba amma yana yi, ita kuma roba ba ruwanta da laima, zafi ne ke motsa ta, ga zafin Maris da Afrilu. Abu biyu manne da juna kowa na ja ta kansa, gam ne a tsakiya yake shan wahala. Shi yasa nace a rufe katakon da kiliya, gefunansa ma a shafa, a canja duk ƙwayayen fitila zuwa LED don a rage zafin ƙasa, kuma kar a ajiye injin kusa da taga inda rana ke duka ko a shagon kwano marar silin. Robar ma in ta iso a kwantar da ita a ɗakin da filin yake kwana biyu uku kafin a manna. Lokacin aikin ma da zaɓi, tsakiyar damina kiliya na yin hazo saboda laima, tsakiyar hunturu kuma ƙura ba za ta bar ka ba ko ka yayyafa ruwa a ƙasa kamar yadda masu fenti ke yi, ga leda na jan ƙura da kanta lokacin da kake ɓare ta. Ni ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba na zaɓa, ruwa ya ɗauke hazo bai sauko ba.

Ko an manna tsugune ba ta ƙare ba, domin filin ya ƙara tudu da kusan milimita ɗaya. Wayoyin makunnai da ke leƙowa ta tsaga yanzu sun yi ƙasa, ƙwallo zai wuce bai taɓa su ba, sai an bi su an lanƙwasa an saita. Siket ɗin bamba wato faifan gindinta da ƙwallo ke taɓawa ta harba, tsayin filifa don kar ta riƙa jan ƙasa ta zana sabuwar robar, bakin ramin da ke tofo ƙwallo, ƙarshen layin harbi inda katako ke haɗuwa da roba wanda in ba a sassauta shi ba ƙwallo zai yi tuntuɓe, duk sai an sake dubawa. Wasan ma zai canja, ƙwallo ya fi gudu da santsi a kan roba, wasu na son haka wasu na cewa ba irin na da ba ne, wannan kam kowa da ra'ayinsa. Abu ɗaya da ba a jayayya a kai, sababbin ƙwallaye za a sa, tsohon mai tabo kar ya sake hawa.

A yanzu dai filin Alhaji na kwance a kan benci biyu a bayan shagona na rufe shi da zani, idanu duk an mayar an daidaita, saura guda uku masu siffar kibiya da suka fashe muna jiran su daga waje. Gwajin takarda na huɗu ya zauna daidai in banda layin idanun hagu na ƙasa da har yanzu suke kauce da kamar rabin milimita, gobe in Allah ya kai mu zan matsar da su in sake bugawa kafin mu ɗauki katakon zuwa Panteka.